Ranar da Yaya ta fitar da Malam daga gidansa

Yayata dillaliyar gidaje ce, shekara ashirin ke nan. Mai Makullai ake ce mata, don kafin ka gan ta za ka ji ƙararsu a jaka. Ni kuwa duk inda aka zauna sai na yi fariya da ita, wanda ya gaji ya tashi.

Gwanintarta ita ce shirya gida kafin masu saye su zo. Amma ba ta taɓa ce wa mai gida ya kwashe tarkacensa ba, ta ce wannan kalmar ita ke ɓata ciniki.

Akwai wani tsohon malamin makaranta da matarsa ta rasu. Gwiwa ta hana shi hawa bene, sau biyu yana faɗuwa a matakala. 'Yarsa ta gyara masa ɗaki a gidanta, shi kuma ya kafe ba zai tashi ba sai an sayi gidansa. Wata bakwai shiru. Dillalai uku ya kora, duk a kan maganar kaya.

Ni na kai Yaya a mota. Kai, falon nan! Kujeru jere biyu, jaridu har kugu, ga wani ƙaton kabad ya toshe taga, keken ɗinkin marigayiya a lungu. Yaya ta gaishe shi, ta sha ruwansa, sannan ta ce, "Baba, alfarma ɗaya. Ka fita waje, ka shigo kamar kai ne mai saye."

"Ni za ki kora daga gidana?"

"Minti biyu, Baba. Ni zan buɗe maka."

Ya fita yana mita. Ya ƙwanƙwasa, ta buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban falon. Can ya ce, "To ina mutum zai sa ƙafa a nan?"

Da bakinsa ya riƙa cewa a fitar da wannan, a kai wa 'yarsa wancan. Da aka zo kan keken sai ya ɗora hannu a kai. Yaya ta ce, "Wannan ba inda za shi, Baba. Gaban taga za mu sa shi."

Maza huɗu suka ja kabad ɗin da ƙyar. Rana ta shigo har tsakiyar falo.

Cikin kwana tara aka sayi gidan, Malam bai sake hawa benen nan ba. Wallahi ranar ji na yi kamar in goya Yaya. Amma ita ba ta faye ba da labarin cinikin ba. Abin da ta riƙe shi ne lokacin da Malam ya zauna yana kallon keken a cikin hasken, ya ce, "Ni na sa kabad ɗin nan a wurin. Shekara talatin tana ɗinki a duhu, ba ta taɓa ce min komai ba."