Akushin Malam da Yake Dawowa Wayam

Da na taɓa tambayarsa, ko sau ɗaya, wa yake cinye abincin nan, da ya gaya min gaskiya? Har yau ban sani ba. Ɗiyata ce take rubuta min wannan, ni ban yi boko ba, na ce ta sa shi yadda na faɗa.

Shekarun baya aka gwada mu, ni da maigidana, aka ce muna da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Muka kama magani, kuma ya karɓe mu. Mun haura shekara goma muna sha kowace safiya, yana nomansa a ƙauyenmu wajen Bakori, ina kiwon awakina. Ban da 'ya'yanmu babu wanda ya sani.

A wata damina ya fara gajiyar da ban saba gani ba. Mutumin da sai azahar ta koro shi daga gona, sai ga shi a gida tun hantsi. Saboda aikin gona ni ce na je Malumfashi karɓo mana magani. Nas ɗin ta ce, "Mama, Baba yana cin abinci kuwa?"

Na ce, "Ci? Ko wankin akushinsa ba na wahala."

Ta yi dariya, amma ta ce gajiyar da ta zo sabuwa ba a zama da ita a gida, in kawo shi a duba. Na ce to, bari a gama huɗa.

Na dawo na duƙufa. Wake, zogale, ƙwai, ran kasuwa har da hanta, duk ina zubawa a akushinsa. To a wajenmu magidanta a ƙofar gida suke ci. Bayan magariba kowa ya fito da nasa, a haɗa a tabarma ɗaya a yi ciyayya. Ni kuwa tun ina amarya ban taɓa cin abinci a gabansa ba, kunya. Akushi yana dawowa wayam, ni wawuya ina ta murna, har ina ƙara ludayi.

Wajen kaka matar maƙwabcinmu ta shigo aron turmi, ta ce, "Ke kam kin lalata min miji, yanzu miyata ba ta yi masa. Wai Malam ɗinki loma biyu yake yi ya tura musu sauran."

Na tsaya riƙe da taɓarya. Wata huɗu kenan ina cika masa akushi.

Da ya shigo na ce, "Malam, ashe maƙwabta nake ta ginawa?"

Ya ce, "Ba ya wucewa ne. In na dawo miki da shi za ki tayar da hankalinki, in na daina fita kuma za a fara tambaya."

Washegari muka tafi asibiti. Aka ce jininsa ya yi ƙasa, ga tarin fuka ya daɗe yana cinsa. Sun yi iya ƙoƙarinsu, muka dawo da ƙarin magani, amma jikin ya riga ya yi nisa.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma ina kuka har yanzu, don katanga ɗaya ce tsakanina da tabarmar nan. Ni ina nan ina shan maganina, kuma in gajiya ta sauya min kama ba na jiran a gama komai. Ku masu jinya, ku ga lomar da idonku.

A kwanakinsa na ƙarshe na ajiye kunya, nake zama gefensa muna ci a akushi ɗaya. Ranar da zai rasu ya sha kunu cokali uku, ya tsaya yana kallona ina cin ɗumame. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe haka kike ci, kamar ana korarki. Ci a hankali, tsohuwa, ina kallo."