Hoton Yaya Ilu a Jikin Kwalbar Magani

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Ilu a Falanko. Duk wanda ya taɓa kallon kokawar kaka a Damargu ya san shi, don ba a cika ganin bayansa a ƙasa ba.

Abin da 'yan kallo ba su sani ba shi ne yadda ya bar fagen. Da ƙarfinsa ya kwance layu da guraye, ya ƙone su a bayan rumbu, ya koma gona da masallaci. Ya ce min, "Ƙanena, kada jikokina su gan ni ba riga, da layu a damtse. Wancan mutumin na sallame shi."

Bara wani ɗan kasuwa ya zo min da zaƙin baki, wai zai buga kalanda don tunawa da mazajen Damargu. Kaina ya kumbura. Na buɗe akwati na miƙa masa hoton fage ɗaya da ya rage.

A kasuwar Tanut na ga irin kalandar tasa: kwalaben maganin ƙarfin maza jere a tabarma, Yaya Ilu a jikin kowace. Lasifika kuwa tana ta zuba batsa da muryar Yaya Ilu da aka kwaikwaya da na'ura, wai shi ne ke faɗin sirrinsa. Mutumin da har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan 'yarsa ta fari ba saboda kunya! Da yana raye, wa ya isa?

Na ci kwalar mai tallan. Ya ce, "Haba Baba, Ilu ai na kowa ne, mu muka yi masa suna." Na kowa? Ina kowan yake da muna juya shi a shimfiɗar jinya? Tafi kuka yi masa, ba sayensa kuka yi ba. Kirarinsa naku ne, ku yi ta yi. Fuskarsa da muryarsa kuwa na iyalinsa ne, su ma amana ce a hannunsu.

'Yar tasa, Hadiza, tana aure a Belbeji. Ta daina zuwa biki, don mata na ƙus-ƙus da dariya in ta shigo. Ran wani sunan dangi da ya zame mata dole, ta tare ni da hawaye: "Baffa, wane marar imani ne ya ba su hoton Baba?" Na sunkuyar da kai, na ce Allah ya sani.

Ƙarya na yi miki, Hadiza. Ni ne.