Ranar da Na Kai Inna Silima Neman Yayana

Shekarun baya can da nisa, tun Turawa ba su tafi ba, na taɓa kai mahaifiyata silima a Gusau. Jikata da ke rubuta mini wannan a waya ta ɗago kai tana dariya, wai ashe Inna 'yar gayu ce. Ba gayu ya kai mu ba, yayana muka je nema.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Bungudu. Yayana ya tafi cin rani Kurmi, ya bar amaryarsa, 'yar wajen 'Yandoto, ya ce kafin ruwan shuka zai dawo. Damina ta faɗi, ta ɗauke, wata ta sake faɗuwa, ba shi ba labarinsa. Duk fataken goron da suka sauka a kasuwa sai Inna ta aike ni tambaya, kullum amsar ɗaya, ba su gan shi ba.

Ana nan sai motar majigi ta wani kamfanin sabulu ta zo Bungudu, muka je kallo har da Inna. Aka kafa farin ƙyalle a fili, aka yi tallar sabulu, sannan aka sa wani tsohon fim na daji, mai baƙi da fari, duk ya karce. Muryar fim ɗin ma ba ta fita, wani mai lasifika ne ke ba mu labari da Hausa, rabi ƙarya rabi gaskiya. Labarin wani Bature ne mai malafa da matarsa, suna ratsa kurmi neman taska, 'yan dako baƙaƙe na biye da su da akwatuna a ka.

Da suka zo tsallake wani kogi a kan icce, sai wani maƙwabcinmu ya zabura ya ce wancan na ƙarshen layi ai yayana ne. Jama'a, ni ma na ga kamar shi ne. Dogo ne, kafaɗarsa ɗaya a sauke, kuma da hannun hagu kaɗai yake tallafe kaya. Haka yayana yake yi tun da jaki ya kayar da shi ya karye a hannun dama. Muna cikin kallo sai ƙafar mutumin ta zame, ya faɗa ruwa da akwatinsa. Hoto ya koma kan Bature, aka ci gaba da tafiya, ba a sake nuna shi ba.

Mata suka fara salati, amma Inna ko hawaye ba ta yi ba. Ta ce ɗanta ya iya ruwa tun yana yaro a gulbi, kuma ba a nuna gawa ba. A wurinta ma albishir ne: yana raye, ya samu aiki wurin Turawa, shi ya sa bai samu sukunin aiko da saƙo ba.

Wannan magana ita ta riƙe gidanmu shekaru. Surukanmu suka yi ta zuwa, suna cewa 'yarsu na tsufa a ɗaki ba miji, a je gaban alƙali a san matsayinta. Inna ta ce ba mai raba auren ɗanta yana raye, ita da idonta ta gan shi. Baiwar Allah matar yayana ba ta da baki, sai daka da surfe, tana ramewa muna kallo.

Ni kuma na koma Gusau ina lodin gyaɗa a tashar jirgin ƙasa. Na waye, a ganina, har da taje gashi da fito a kan hanya. Na yi abota da mai kunna injin silima a Sabon Gari, shi ya gaya mini wancan fim ya girmi tafiyar yayana nesa ba kusa ba, kuma a wata ƙasa aka yi shi. Na kwaso wannan ilimi na kai wa Inna ina hura hanci. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mai injin ya haife shi, ko ni?" Gaskiyar magana, duk da wayewar tawa, ni ma ban so abokin nawa ya yi gaskiya ba.

Wata rana aka liƙa hoto a bangon silima: an sake yin fim ɗin nan, sabo fil, mai launi, da kiɗa. Da na je gida na faɗa a cikin hira. Inna ta ajiye tsinken kaɗin da ke hannunta. Ita abin da ta fahimta shi ne Turawan sun sake yin tafiyar, kuma tun da sun sake, za su nemi mutanensu na farko. Ta ce haka ake yi ko'ina. Madugu ba ya canza ɗan dakonsa, kuma ni shaida ne a tasha, duk kaka kowa wurinsa yake komawa, ba a ba wani sai mai wurin ya mutu. Na yi bayani har na gaji cewa wasa ne ake shiryawa. Ta ce to, a kai ta ta ga wasan.

Muka hau motar gyaɗa zuwa Gusau. Kada ku so ku ga kunyar da na sha a ƙofar silima. Wuri ne na 'yan iska da masu busa sigari, ga ni da tsohuwa ta lulluɓe da zane tana jan carbi. Mai yagar tikiti ya ce, "Inna, ba nan ne asibiti ba." Ta wuce shi kamar ba ta ji ba, ta zauna a bencin gaba, ta miƙe wuya.

Kiɗan ne ya fara dukanmu tun kafin hoto. Ban taɓa jin irinsa ba: wani abin busa mai shaƙaƙƙiyar murya kamar algaita ta yi mura, ƙaho na tsala ihu a kansa, ganguna na gudu, ana ta buga wani abu kamar murfin kwano. Daga baya na ji sunansa jaz, wai kiɗan baƙar fatar Amurka ne. Kowane makiɗi kamar gabansa yake yi, amma sai ka ji ƙafarka na motsi. Samari suka hau fito da tafi. Ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini daɗi.

Labarin shi ne dai na da, sai dai yanzu ganye kore ne shar, jini ja. Duk sanda 'yan dako suka gifta sai Inna ta ɗan tashi, na bayanmu su yi tsaki. Na raɗa mata cewa Baturen ma ba wancan ba ne. Ta ce Bature dai ga shi da malafarsa, in bar ta ta duba.

Aka iso kogin, aka hau iccen. Ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Na ƙarshen layi ya fito: gajere ne, kakkaura, ya riƙe akwati da hannu bibbiyu.

"Ba shi na ba," in ji ta.

Na ce alhamdu lillahi a raina, don na san abin da ke tafe. Mutumin ya zame ya faɗa. Wannan karon ba su ɗauke hoton ba. Wani kada ya taso, ruwa ya yi ja, hannun mutumin ya ɗago ya nutse. A daidai nan kiɗan ya ƙara wuta, ƙahon nan ya callara, ganga ta rikice kamar ana kai amarya. Silima ta ɗauki shewa. Baturen ya waiga ya ce wani abu, mai jin Turanci a bayanmu ya ce wai akwatin harsashi yake jimami. Aka yi dariya.

Inna ta miƙe, muka fita ana yi mana tsiya mun tare hoto. A bakin titi ta zauna a ƙasa, kiɗan na tsallako katanga yana iske mu. Na durƙusa na ce ai ta gani, ba shi ba ne, ta kwantar da hankalinta.

"Sun ba wani kayanai," ta ce. "Da yana da rai, da ba su ba wani ba."

Sai ta tambaye ni, a hankali, ko wancan karon ma irin wannan kiɗa suka yi wa ɗanta, mai lasifika ya hana mu ji. Na ce ban sani ba. Nan ta yi kukan da ta riƙe shekara da shekaru, ni ma na taya ta, mutane na wucewa suna kallonmu.

Da muka koma gida, da ƙafarta ta je wurin surukanmu ta ce su tafi gaban alƙali, ba za ta ƙara tarewa ba. Matar yayana ta yi takaba, daga baya ta yi aure a Tsafe, ta haihu.

Har yau ban san inda yayana ya ƙare ba. Na tsufa ina juya abin: ƙarya ce ta riƙe Inna, ƙarya ce kuma ta sake ta, gaskiyar da na kai mata ba ta yi aikin komai ba. Kuma har yanzu in na ji wannan kiɗa a rediyo raina ɓaci yake yi, duk da na san makiɗan ba su san mu ba, aikinsu suka yi.

Ranar sadakar yayana, Inna ta sa aka daka gumba ninki biyu, ta ce wa liman a yi addu'ar mutum biyu. Ya tambaye ta wane ne na biyun. Ta ce wani gajere ne, ba ta san sunansa ba, amma a gabanta ya mutu, ba wanda ya yi masa ko salati, kuma uwarsa na can tana jira.