Maigari ya riga ɗana shiga rijiya

Ina isa bakin rijiya na tarar an ɗaura wa ɗana Lawali igiya a ƙugu. Yasar rijiyar ake yi, don ruwanmu ya koma laka. Ni kuwa ban manta da ƙanena ba, wanda rijiya ta rufta da shi.

Na ce wa maigari, "Ranka ya daɗe, shi kaɗai gare ni. A kwance shi."

Tsohon nan ya tuɓe rigarsa ya miƙo mini. "Riƙe, uwar Lawali. Ni zan fara. In na fito, sai naki ya shiga."

Ya daɗe ciki, guga na fitowa da laka. Ya fito yana haki.

Lawali ya dube ni. Da maigari a inuwa ya zauna yana ba da umarni, da na samu bakin faɗa. Na kau da kai, aka zura Lawali.

Ya fito lafiya, alhamdulillahi. Amma gobe ma akwai yasa, kuma maigari ya ce yana nan.

Iyaye mata, yaya ake hana ɗa bin irin wannan mutum? Ni dai na gaji.