Surukata a Bayan Sabon Moto

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba na jin zan manta da ranar da na ɗauki surukata a kan moto zuwa Tsibiri. Shekaru sun ja, gemuna har ya fara furfura, amma duk sa'ad da na tuna sai dariya da kunya su taso mini lokaci guda, in rasa wadda zan fara yi.

Ni tela ne a Sabon Gari, kuma gara in faɗa tun yanzu, gajere ne ni. Ba irin wanda ake ce wa matsakaici don a faranta masa rai ba, gajere na sosai. Da Allah ya hore mini abin sayen moto, wato babur, sai na nemi wani abokina bakanike ya raka ni ya zaɓar mini. Ya dube ni daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya nuna mini wani ɗan ƙarami mai sauƙin tuƙi.

"Wanga shi ne daidai da kai," in ji shi. "Ƙahwarka na kaiwa ƙasa, bai da nauyi, sati guda ka iya shi."

Na ce, "Wanga ai na madam-madam ɗin lakwal ne, matan nan masu koyarwa a makaranta. In hau shi in ratsa Sabon Gari a ce mi?"

Idona yana kan wani ja, dogo, mai ƙugi. Da na hau, kan manyan yatsuna kaɗai ke taɓa ƙasa, su ma sai na karkace. Abokin nawa ya yi magana har ya gaji. Daga ƙarshe ya ce to, tunda na nace, duk inda zan tsaya in riƙa neman dakali. Ya kuma roƙe ni abu biyu: in cire ledojin da aka naɗe moton da su, kuma kada in ɗauki kowa sai na yi wata guda ina tuƙi ni kaɗai. Na ce masa to, irin to ɗin da tela yake ce wa mai ɗinki ana jibi salla.

Wa zai cire leda? Kowa ya san halinmu a garin nan, in ka cire leda yau, gobe wa zai san sabo ne? Na bar ta kan kujera, na bar ta kan tanki, madubai biyun nan ma na bar su a naɗe cikin leda da kwali yadda suka zo. Kaske kuwa, hular kwanon nan, na rataye shi a ƙusa cikin shago, don zai ɓata mini karin hula. Kwana huɗu na yi ina zagaya wani filin ƙwallo kusa da gidana a unguwar Zariya. Tafiya gaba dai na iya ta. Tsayawa ce muke ta ciniki da ita.

A rana ta biyar surukata, wadda muke kira Inna, ta kwana gidanmu. Daga Jiratawa ta zo, za ta wuce suna gidan ƙanwarta a Tsibiri, mijinta kuma ya riga ya yi gaba tun da sassafe. Ta zo da buhun busasshen zogale da za ta kai gudummawa. Matata ta ce bari a kira mata kabu-kabu. Ni kuwa ina ƙofar gida ina goge moton da ba shi da ƙura, maƙwabta suna kallo, sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Da moto a gidanga, Inna ta hau na haya? Ni ka kai ta."

Matata ta harare ni, na yi kamar ban gani ba. Inna ta sunkuyar da kai. Ƙi a gaban mutane zai zama ta kunyata ni, ita kuwa ba za ta taɓa yin haka ba.

Sai kun san yadda muke da ita za ku gane sauran labarin. Tunda na auri ɗiyarta ba mu taɓa haɗa ido ba. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ko ina tsugune gabanta, in tana son gaya mini abu sai ta juya wajen ɗiyarta ta ce, "Ce mishi kaza." To mace irin wannan ce za ta riƙe ni a kan moto? Ta sa aka ɗaure buhun zogalen a tsakiyar kujera, tsakanina da ita, ita kuma ta ɗosana a can ƙarshe, a kaikaice, ƙafafunta duka a gefe guda, da zanenta na shadda mai santsi a kan leda mai santsi. Hannunta ɗaya na riƙe da mayafi, ɗayan na kan cinyarta.

Mun fita gari lafiya, in aka yafe mini wata akuya da mai tura ruwa guda. A kan kwalta ne wata babbar mota ta danna mini oda daga baya, na firgita. Ina ganin wata hanyar rairayi da ta ratsa cikin gonaki, wadda na san tana ɓullawa Tsibiri, sai na faɗa mata, ina gaya wa kaina wai yanke zan yi. Rairayi ya kama tayoyi, moto ya fara rawa yana neman mutuwa. Na taka giya, na murɗa mai da ƙarfi, na saki hannun hagu gaba ɗaya. Moton ya yi wani tsalle ya zabura.

Daga nan sai komai ya yi daɗi. Moto ya yi sakayau, yana bin hannuna duk inda na juya shi. Na ce a raina, shi ke nan, hannu ya faɗa, ashe dama wata guda da ake faɗa na masu taurin kai ne. Ina jin buhu a bayana, don haka hankalina kwance. Har na ce, "Sannu, Inna," ban ji amsa ba, ban kuma damu ba, don dama amsarta ba ta wuce can cikin maƙoshi. Na ƙara gyara zama, na ma ɗan yi mata bayani a kan ingancin moton.

Na iso ƙofar gidan suna, maza sun cika tabarmi, surukina na tsakiyarsu. Allah ya taimake ni da wani kututture, na dafa shi da ƙafa na tsaya. Na sunkuyar da kai cikin ladabi na ce, "Inna, mun iso." Shiru. Na sake faɗa. Wani tsoho ya leƙo ya ce, "Yaro, da buhu kake magana?"

Na waiwaya. Buhun zogale ne zaune daram, bayansa leda tana ƙyalli.

Dariyar da nake yi yanzu, a lokacin babu ita. Na tuna tsallen nan, na tuna kututturan da ke bakin hanyar. Surukina ya tambaye ni ina uwar ɗiyan take. Na juya moto na bi sawun tayata, ina addu'ar da ban taɓa yin irinta ba.

Na same ta zaune gindin wata aduwa, takalminta ɗaya a rairayi, wata mata da ke aiki a gona tana ɗaure mata wuyan hannu da ƙyalle. Matar ba surukata ba ce, don haka ba ta rage mini komai ba.

"Kai ne mai moton? Ka zubda tsohuwa ka wuce kana ta surutu kai ɗai. Na ce ta yi kiranka, ta ce ita ba ta kiran sunanka. Halan ba ka da madubi?"

Ta dubi madubaina a naɗe cikin kwali, ta dube ni, ta tafa hannu. Na durƙusa ina ba da haƙuri, Inna ta juya wajen matar ta ce, "Ce mishi ba komi."

A amalanken shanu ta ƙarasa Tsibiri. Ni kuma na biyo baya a ƙasa ina tura jan moto cikin rairayi, gumi har cikin takalmi. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗi gaskiya gaban surukina, ina kuma lissafin ko matata za ta kwana gidana ranar. Muna isa, kafin in buɗe baki, Inna ta riga ni. Ta gaya wa mijinta wai jiri ne ya ɗebe ta, ita ta ce in sauke ta ta huta in wuce da kaya, wajen sauka kuma ta dafa ƙasa ba daidai ba. Surukina ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa aka kira mai ɗori.

Tsagewar ƙashi ce. Ta warke, amma daga ranar hannun bai ƙara ɗaukar taɓarya ba, kuma in damina ta kama yana yi mata ciwo. Labarin gaskiya kuwa bai yi sati ba ya kai kasuwar Jiratawa, sai dai tunda mai abin ta ce jiri ne, babu wanda ya isa ya faɗa mini a fuska. A bayan idona dai na san an sha dariya, kuma na cancanta.

Moton na mayar, na karɓo ƙaramin da aka fara nuna mini. Na sauko da kaske daga ƙusa, na koyi tsayawa kafin gudu, na fi wata uku ban ɗauki ko kaza ba. Bayan kamar shekara biyu Inna ta zo gidanmu, da za ta koma na tashi zan kira mata kabu-kabu. Sai na ji ta ce wa ɗiyarta, "Ce mishi ya hiddo nashi." Na shiga zaure na share idona kafin in fito da shi.

Abin da na koya shi ne, wanda ya hau bayanka ransa ya damƙa maka, kuma ba kowa ne zai iya buɗe baki ya ce maka ka yi a hankali ba. Ni na yi gangancin don a gan ni, ita ta ɗauki ciwon, ta kuma ɗauki laifin don kada a ga wautata. Har yau in na je gaishe ta, kaina a sunkuye yake kamar yadda aka saba, sai dai hannun nan nata nake kallo.