Kunun da Gwaggo Ishatu Ta Dama

Idan ka shiga lungun su Gwaggo Ishatu a Tudun Wada, hancinka ne zai kai ka gidanta, ba sai ka tambayi kowa ba. Turaren wuta take haɗawa da humra, amaren unguwar har da na Tudun Jukun a wurinta ake yi musu sayayya. Doguwa ce, baƙa, ta ba sittin baya, hijabinta har ƙasa, kuma ba a taɓa rigan ta zuwa Islamiyyar matan aure ba. Kowa ka tambaya zai ce maka mutuniyar kirki ce. Ita kuwa in ta ji an faɗi haka sai ta kau da kai, domin akwai maganar da ya kamata ta faɗa wa Rahma, 'yar ƙanenta, kuma har yau ta kasa.

Ishatu a gidan bori ta tashi. Uwarta, Inna Tasalla, uwar girka ce, ita ake kawo wa matan da ciwo ya ƙi ji a tsare su a ɗaki, a yi musu turare da kiɗan garaya har su samu kansu. Wani lokaci Inna takan jiƙa zaƙami a abin sha, wannan tsiron mai 'ya'ya masu ƙaya da ake kira haukata-yaro. Amma fa Inna ba ta bayar da shi haka siddan. Sai ta faɗa wa mai ciwo abin da za ta sha. Sai an kashe duk wutar gidan, an rufe rijiya, an ɓoye wuƙaƙe. Sannan mace guda ta zauna a bayanta ta riƙe ta, ana kiɗa ana kiran sunanta, ba mai ɗagawa ko da fitsari ya matse shi, har sai ta dawo hayyacinta. Kashe wutar nan aikin Ishatu ne tun ba ta iya ɗaura zane ba.

Da Inna ta rasu, wa'azi ya yi zafi a gari, Ishatu ta gaji da jin ana ce mata 'yar mai bori. Ta tuba, tuba ta gaskiya. Ta ƙone kayan Inna a tsakar gida, ta farfasa ƙoren kiɗa, maƙwabta suna leƙe suna sa mata albarka. Zaƙamin da ke jikin katangar banɗaki ne kawai ta bari, ta ce ai ganye ne, Allah ne ya halicce shi. Samarin unguwa sukan zo roƙon 'ya'yansa, wai za su zuba a zobo ranar biki in mai kiɗan na'ura ya saki sauti. Sai ta biyo su da tsintsiya. "Ku ɓace min da gani, 'yan banza! Ku sha ba mai tsaronku, ku yi ta tsintar abin da babu a ƙasa, uwayenku su kwana kuka!" Wallahi har alfahari take yi da korar nan.

To, sai ga Rahma. Haihuwarta ta fari, jaririn ya koma tun ba a yi arba'in ba. Yarinyar ta daina barci, ta daina ci, sai ta zauna ta zuba wa bango ido. An yi ruƙiya, an karɓo ƙwayoyi a asibiti, tana tofar da su a bayan gado. Mijinta Mubarak, tela ne a unguwar Kongo, ya kawo ta gidan Gwaggo ya ce ko Allah zai sa ta sake a hannunta. Ishatu ba ta taɓa haihuwa ba, ita ta goyi Rahma tun uwarta na raye, ganin ta haka ya fi mata komai ciwo.

Sai ta tuna wata mata da aka taɓa kawo wa Inna da irin wannan larura, ta sha, ta yi kukan da ya maƙale mata, ta wayi gari tana neman tuwo. Ishatu ta yi ta saƙawa tana warwarewa, har ta raba abin gida biyu a ranta: kiɗa da kiran iskoki shirka ne, wannan ta bar shi har abada, abin shan kuwa magani ne kawai. Kash! Ba ta lura ba cewa da ta watsar da kiɗan, har da zaman da riƙon ta haɗa ta watsar.

Wata Laraba da azahar ta dama kunun tsamiya, ta zuba abin a ciki. Ba ta faɗa wa Rahma ba, don in ta faɗa maganar za ta kai kunnen Mubarak, daga nan ta kai Islamiyya, a ce ashe tuban muzuru ta yi. Rahma ta kurɓa don ta faranta mata, ta kwanta. Ishatu ta dubi rana, ta ga lokacin makaranta ya yi, ga shi ranar ita za ta ba da hadda, in ba a gan ta ba sai an tambaya. Ta ce bari ta je ta dawo kafin abin ya fara aiki. Ta zura hijabi ta fita, ta bar kurfoti cike da garwashi a tsakar gida, don tana so in ta dawo ta ƙarasa suyar itacen turare. Ita fa, Ishatu, mai kashe wutar gidan Inna!

Gladys, maƙwabciyarta mai shagon kayan masarufi, ita ta ji ihun. Ta faɗa gidan ta tarar da Rahma durƙushe tana tonon garwashi da hannu biyu, tana cewa a taimake ta ɗanta na cikin wuta. Da ƙyar ta janye ta, ta tare keke ta kai ta asibiti, sannan ta aika aka kira Gwaggo daga aji. Likita ya buɗe idon Rahma ya duba, ya juyo ya ce, "Baba, ta sha wani abu ne yau?"

"Kunu kawai, likita," in ji Ishatu.

Allah ya yi da sauran kwana. Rahma ta tashi, amma yatsun hannunta na dama sun ƙanƙame, ba sa miƙewa. Ba ta tuna kunun ba, ba ta tuna fitar Gwaggo ba, abin da ta riƙe kawai shi ne ta ga ɗanta a wuta ƙuru-ƙuru da rana tsaka. Unguwa kuwa ta yanke hukuncinta: iskokin kakarta ne suka biyo jini. Ishatu ta tumɓuke zaƙamin ta jefa a bola, ta ɗauki jinya. Ita ke ba ta abinci a baki, ita ke yi mata wanka da kitso. Mata suna shigowa dubiya suna cewa, "Kai, Gwaggo, ko uwar da ta haife ta sai haka. Allah ya biya ki da Aljanna." Tana amsawa da amin, tana jin kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Abin da ya fi ƙunar hannun muni shi ne Rahma ta yarda. Ta yarda ita mace ce da hankalinta kan iya gushewa ba sallama. Ta koma ɗakinta, amma ba ta kunna risho sai Mubarak na gida, ba ta ɗaukar ɗan kowa a gidan suna. Sau nawa Ishatu ta shirya maganar a bakinta, ta hau keke har ƙofar gidansu, sai ta ɓige da tambayar ya jiki. Ta ce sai hannun ya warke. Hannun ya warke, ta ce sai bayan azumi. Bayan azumi Rahma ta samu ciki, ta ce ai ba a tayar wa mai ciki hankali.

Rahma ta haifi mace a gidan Gwaggo, a nan take yin wankan jego. Ranar suna da sassafe, maza suna ƙofar gida ana raba goro da dabino, Ishatu ta shiga ɗakin ta tura ƙofa. Ta yi alwala, ta yi niyya, ta ce yau ko za a tsine mata a kasuwa sai ta faɗa. Jaririyar na kwance a can ƙarshen katifa, Rahma ta takure a wannan ƙarshen, nono ya jiƙa mata riga.

"Rahma, akwai maganar da nake so mu yi."

"Ni ma akwai, Gwaggo, bari in riga ki." Ta share ido da bayan hannun nan mai tabo. "Mun gama magana da Mubarak. In na yi arba'in zan koma, ita kuwa a nan za ta zauna. Zan riƙa zuwa ina ba ta nono a gabanki. Kada ki taɓa bari na keɓe da ita, ko na roƙe ki, ko na yi kuka. Ban san ranar da abin zai dawo ba. Duk duniya ke kaɗai na yarda da ke."

Ishatu ta buɗe baki. Sai guɗa ta tashi a tsakar gida, wata ta banko ƙofa tana dariya tana cewa an raɗa suna, Ishatu ce, Gwaggo ta yi takwara, za a riƙa kiran ta Hanifa. Mata suka cika ɗakin, wannan na tsokanar ta da tukuici, waccan na cewa wallahi ta cancanta. Aka ɗauko jaririyar za a miƙa wa uwarta, Rahma ta ɓoye hannuwanta a bayanta, ta nuna Gwaggo da haɓa.

"Me za ki ce min ɗazu, Gwaggo?"

Ishatu ta karɓi yarinyar, ta ji ɗuminta a ƙirji. Ta dubi matan ajinsu jere a bakin ƙofa, ta dubi Rahma da ke kallon 'yarta daga nesa kamar ta maƙwabta.

"Ba komai," ta ce. "Cewa zan yi ki sha kununki kafin ya huce."