Fiyanon da Ba Ya Ratsa Bango

Shekara biyar ke nan cif, a wannan watan, da rasuwar Anti Bose. Ba sananniya ba ce, babu wanda zai ga sunanta a nan ya ce ya taɓa jin sa a rediyo. Nas ce, Bayarbiya, Kirista, haifaffiyar Kano, Hausarta tangaran kamar ta kowa. Shekara shida muka zauna da ita a gidan haya ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗakina da nata bango ne kawai ya raba, kicin ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ni karatuna a firamare ya tsaya, mai karatu ya yi haƙuri da yadda zancen zai zo. Abin ne ya cika mini ciki tun watan jiya, da na shiga kasuwa neman fiyano saboda 'yata Safiyya, na waiga dama na waiga hagu babu wadda zan tambaya.

Ina amarya aka kai ni gidan nan, ban san kowa ba. Maigidana tela ne, in ya fita da safe sai magariba. Kullum bayan la'asar sai in ji wani abu a jikin bango, dum-dum, dum-dum-dum, ya yi shiru, ya kuma ɗauka. Na ce ɓera ne, na sa magani. Bai daina ba. Sai tsoro ya kama ni, don na lura da zarar an kira sallah abin yake tsayawa, ladan na gamawa ya ci gaba. Wane irin ɓera ne wannan mai jin kiran sallah? Sati guda ina tofa addu'a a kusurwar ɗaki ban gaya wa kowa ba. Rannan a bakin famfo na daure na ce mata, "Anti, akwai abin da ke motsi a bangonmu." Ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti. Ta ja hannuna zuwa ɗakinta, ga wani dogon fiyano jingine da bangon nan, ga babban iyafis irin mai rufe kunne duka a rataye. Ta ce, "Amarya, ai ni ce ɓeran."

Ashe ita ke kaɗa musu a coci ranar Lahadi, sauran ranaku tana gwaji a gida. Iyafis ɗin take sakawa don kada sauti ya fita, kiran sallah kuwa ita ke ɗaga hannu don girmama mu, ba wanda ya sa ta. Amma da ta gama dariyar sai na ga ranta bai yi daɗi ba. Ita a zatonta tunda ta toshe kiɗan a kunnenta, ta gama da hakkin maƙwabta. Ba ta san bugun maɓallan kansu yana bin katako ya shiga bango ba. A ranar muka kama fiyanon ni da ita muka mayar da shi ɗaya gefen.

Da na haifi Safiyya, yarinyar ta zo da barcin zomo, cokali ya faɗi ta farka. Ban yi ƙorafi ba, wallahi ban yi ba. Anti ce da kanta ta ce za ta rabu da babban fiyanon ta nemi ƙarami, in raka ta Sabon Gari. Kafin mu fita ta cire ɗankwalinta ta gwada tsakanin kwabet da ƙofa, inda ya tsaya ta ƙulla. Da wannan ƙullin muka shiga shago. Mai shagon ya ga kwastoma, ya jona wani ya murɗe murya har ƙarshe, ganguna da algaita duk suna fita daga ciki. Anti ta bari ya gama. Sannan ta ce, "Kashe shi."

"Madam, in na kashe me za ki ji?"

"Abin da maƙwabciyata za ta ji."

Ta sa ni na koma bayan katakon da ya raba shagon da na kusa, da goyona, ta dinga kaɗa su a mace ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga murya tana cewa, "Maman Safiyya, wannan fa?" Wani ya yi ƙwas-ƙwas kamar takalmin 'yan mata a kan siminti, wani ya yi dum kamar daka. Mutane suka taru suna kallonmu, ni kunya kamar in nutse. Ita ko a jikinta. Sai a na biyar ko na shida na ce ban ji komai ba, sannan ta ce a kunna. Ta taɓa a hankali ta ga ya amsa a hankali, ta danna da ƙarfi ya ɗaga, ta duba ramin iyafis, ta tambaya ko yana cin batir saboda wuta, ta shimfiɗa ɗankwalinta a kai. A hanya ta gaya mini babban da ta rabu da shi ya fi wannan daɗin hannu nesa ba kusa ba, maɓallansa sun fi yawa, sun fi nauyi. Ta faɗa sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Ni mace ce mai tsoro, har yau. Yarinya ta yi atishawa sai gabana ya faɗi. Sau nawa na buga ƙofar Anti a kan ƙurji ɗaya ko kashi da ya canja kala, Allah kaɗai ya sani. Ba ta taɓa cewa na dame ta ba. Za ta ɗora bayan hannunta a goshin Safiyya, ta ja fatar idonta ta duba, ta ce, "Haƙori ne, je ki ci abinci, ke ce ma mara lafiyar." In kuwa na asibiti ne, ba ta wasa, ita za ta tsayar da adaidaita. A ɗakin Anti Safiyya ta koyi zama, a cinyarta, da ƙaton iyafis ya rufe mata rabin fuska, yatsun Anti a kan nata.

Safiyya na da shekara biyar Anti ta dawo daga aiki da zazzaɓi. Kwana tara ta yi ta rasu. 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita garinsu can kudu, suka kwashe kayan ɗakin har da fiyanon, hakkinsu ne. Ni ban taɓa wuce Zariya ba, ban san inda take kwance ba. Abin da na iya yi shi ne na share ɗakin na wanke kafin a ba wani.

Da za ta dawo yau, ban san ko za ta gane layinmu ba. Gaban gidan an fasa shi an yi shaguna, inda tagarta take mai sayar da caja ne yake zaune. Mu ma mun tashi, muna Tarauni, a wani fulat da mai gida ya raba biyu da siririn bango. Ɗaya ɓangaren wata nas ce, Sista Rabi'a, ita da mahaifiyarta. In sun yi tari muna ji. Yara kuma yanzu a waya suke koyon komai, wani ya zauna a wata ƙasa yana nuna musu inda za su sa yatsa. Ina jin da Anti ta ga wannan tsaki za ta yi, ta ce waya ba ta san yaro ya sandare wuyan hannu ba. Ko kuma ta karɓi wayar ta fi kowa nacin kallo. Ita ba a gane mata.

Safiyya yanzu shekararta goma. Na zaci ta manta, ashe ba ta manta ba. Faranti, bakin gado, murfin kula, duk inda ta zauna yatsunta na tafiya a kai. Shekara biyu tana roƙon a saya mata fiyano. Babanta ya daɗe yana juya maganar, don ba a saba ganin 'yar Hausa da wannan abin a unguwarmu ba, kuma baki ba ya shiru. Daga ƙarshe ya ce ya yarda, da sharaɗi biyu: kada ya taɓa mata Islamiyya, kuma kada maƙwabta su kawo ƙara. Ya ce, "Ƙara ɗaya, ya bar gidan nan, kuma ba za a sake zancen ba." Na san shi, in ya faɗa ya zauna.

To a nan na yi wautar. Na gwada wurin da ɗankwali, wannan kam ban manta ba. Amma da muka shiga shago, mai shagon ya murɗe murya, fitilu ja da kore suna wasa, ya ce, "Hajiya, wannan ko a gidan biki aka kai shi ba zai ba ki kunya ba." Mu kuwa haka muka tashi muka gani, rediyo ko sifika za a saya, mai ƙara shi ne mai kyau. Kalmar nan tana bakina, kashe shi, kashe shi, amma maza uku ne a shagon, na ji tsoron su ce wannan baƙauyar daga ina. Anti tana da farar riga da Turanci, ni me nake da shi? Ga idon Safiyya a kan fitilun. Na biya muka taho.

Ranar Asabar da hantsi ta saka iyafis ta fara. Ba a yi rabin awa ba aka buga ƙofa. Sista Rabi'a ce, idonta jajir, aikin dare ta kwana yi, kwanciyarta ke nan. Ba ta yi faɗa ba, shi ya fi ci mini rai. Ta ce, "Maman Safiyya, don Allah keken ɗinki aka kawo gida? Kamar a cikin kaina ake taka shi." Safiyya ta zare iyafis ɗin a hankali ta ajiye, ta naɗe hannuwanta a cinya. Ba ta yi kuka ba, ta san abin da babanta ya ce.

Na yi tunanin in ɓoye masa, amma ban iya ba. Da ya dawo na gaya masa da bakina. Ya ce to shi ke nan, a mayar. Na ce laifin ba na yarinya ba ne, nawa ne, na san yadda ake zaɓa na ƙi yi don kunya. Sai ya ce in je in canja sau ɗaya, kuma Sista ce alƙali, in ta ce tana ji, an gama.

Ranar Litinin na koma da Safiyya. Mai shagon ya kai hannu zai kunna wani, na ce, "Malam, kashe shi." Suka yi dariyar da nake tsoro, ɗaya ya ce, "Hajiya za ta sayi shiru ke nan." Na ce eh, shi na zo saye. Na fita na tsaya bayan ƙofa, Safiyya na kaɗawa a ciki, muka bi su ɗaya-ɗaya. Wanda muka tsaya a kai ba shi da fitila ko ɗaya, baƙi ne ɗan siriri, maɓalli sittin da ɗaya, in an gama a jingine shi bayan kwabet. Da muka zo tafiya mai shagon ya tambaye ni wa ya koya mini haka. Na ce wata yayata ce.

A gida na ninka bargo biyu na ɗora shi a kai, nesa da bangonsu. Na je na yi wa Sista sallama na roƙe ta ta zauna a bakin gadonta ta saurara, ni ma na zauna kusa da ita, Safiyya na kaɗawa a namu ɗakin. Ta karkata kai ta daɗe. Ta ce, "Ina ɗan ji, kamar ana tsintar shinkafa a tire." Na ce a raina an gama. Sai ta ce, "Wannan ba zai hana ni barci ba sai ranar da na gaji sosai. Ga yadda za mu yi. Duk ranar da na kwana aiki, zan bar farin takalmina a bakin ƙofa. In ta gan shi, ta bari sai bayan azahar." Mahaifiyarta daga kan darduma ta ce, "Ku bar yarinya ta yi abinta, ni ko ganga ce ba ji nake ba."

Da na gaya wa babanta, ya ce tunda alƙali ya yarda, a bar shi. Haka muke yanzu. Safiyya kan leƙa ƙofarsu kafin ta taɓa komai, ba sai na ce mata ba. Ba ni da hoton Anti ko ɗaya, wayar da yake ciki ta lalace tuni. Ban san kuma irin kalmar da ta dace in faɗa a kanta ba, addininmu ba ɗaya ba, ni dai shaidata ita ce ta riƙe ni amana lokacin da ban san komai ba. In an tambaye ni abin da ya rage nata a garin nan, to ga shi: yarinya mai duba takalmin maƙwabciya, da uwar da ta iya buɗe baki sau ɗaya a gaban maza uku.

Abu ɗaya ne yake ci na. Shekara shida muna tare, ban taɓa zama na ji kiɗanta ba. Ita tana toshe shi don kada ta dame ni, ni kuma ina jin nauyin in ce ta buɗe, kada a ce amarya ta koma sauraren kiɗan coci. Kowa na kare kowa, har lokaci ya ƙare. Shi ya sa yanzu, ranar da Sista ke wurin aiki, ni da kaina nake cewa Safiyya ta zare iyafis ɗin. In zauna a ƙasa da tsintar wake in saurara. Jiya da ta gama na ce mata ya yi daɗi ƙwarai. Ta ce, "Umma, sau uku fa na yi kuskure." Ni ban ji ko ɗaya ba. Wadda za ta ji, ta kama yatsan ta mayar da shi wurinsa, ita ce babu.